Abin da ake nufi da kalmar strap

A Turanci, strap suna ne na siririn abu mai tsawo da ɗan faɗi, na fata ko roba ko yadi, wanda ake ɗaure kaya ko rataya su da shi. Wanda ya shiga kasuwar Wuse a Abuja zai ji wasu masu gyaran agogo suna kiran maɗaurin agogo da wannan suna, haka ma masu sayar da jakunkuna idan suna maganar maratayi. A ganina, faɗin nan ne ya bambanta shi da igiya, domin igiya murɗaɗɗiya ce, shi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, bai cika cin kafaɗa ba.

Kalmar takan zama aikatau kuma, da ma'anar ɗaurewa tamau, kamar yadda direbobi suke yi wa kaya a saman mota.