Uku saura rabi

Alhamis, 21 ga Nuwamba, Aarhus, ƙasar Danmak

Goma ta wuce na dare. Yarinya ta yi barci, Abbanta yana wurin aiki sai asuba, ni kuwa abin da ya faru a asibitin haƙori ya ƙi barin raina. Gara in rubuta ko na samu sauƙi.

Makon jiya ne matar da ke karɓar marasa lafiya ta kira ni don ta ba mu lokaci. Ta tambaye ni ko mu yi Turanci, na ce a'a, mu yi Danishanci, ai koyo nake yi. Ta ce "torsdag, halv tre". Torsdag ban sha wahalarsa ba, Alhamis ce. "Halv" kuma ga shi kamar "half", "tre" kamar "three". Nan take kaina ya jera su ya ba ni "half three", wanda a bakin mutanen Ingila uku da rabi ke nan. Haka na rubuta a kalandar kicin. Saƙon tunatarwa ya shigo wayata shekaranjiya, ban ko buɗe ba, tunda a ganina na riga na sani. Yau muka isa uku da kwata, har ina murna mun yi sammako. Matar ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna 14.30, wato biyu da rabi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce likita ya shiga da wani, sai bayan mako uku. Yarinya ta ɗago kai ta dube ni, hannunta a kunci. Haƙorin nan yana damunta duk lokacin da ta sha abu mai sanyi, kuma ni na ja mata ƙarin mako uku.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne da safen nan ma na fito daga aji ina jin Turanci ya gama yi mini komai. Malamarmu ta cika allo da kalmomi bibbiyu: hus da house, hånd da hand, mælk da milk, brød da bread, æg da egg, søster da sister, kniv da knife. Ta karanta kniv ɗin da k ɗinsa a fili, ta ce Turawan Ingila ma da can haka suke furta shi, daga baya suka daina, harafin ya zauna a rubutu kawai. Abokan karatuna da ba su yi Turanci ba, wata 'yar Siriya da wani ɗan Eritiriya, kowace kalma sai sun haddace ta daga tushe. Ni kuwa kallo ɗaya nake yi in wuce.

Malama ta ce kamannin nan hanya biyu ya biyo. Da farko harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, su da Jamusanci, don haka hannu da gida da madara gado ne suka raba. Na biyu kuma yaƙi ne da zaman tare. A shekarar 865 wata babbar rundunar mayaƙan ruwa da ake kira Viking ta sauka a Ingila, a 866 suka ci birnin York, har aka wayi gari gabas da arewacin ƙasar suna bin dokar mutanen Danmak, yankin da ake kira Danelaw. Daga baya ma wani sarkinsu, Knud, ya hau gadon sarautar Ingila daga 1016 zuwa 1035. Suka yi noma, suka yi auratayya, harshe ya cuɗanya. Garuruwan Ingila masu ƙarewa da "by", irin su Derby da Grimsby da Whitby, duk sawunsu ne, domin har gobe "by" gari ke nan a nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne they da them da their ma aro ne daga wurinsu. Mu mun ari lokaci da sa'a da amma daga Larabci, mun ari sunayen ranaku kaf, amma ba mu ari "su" da "mu" ba. Kafin mutane su karɓi irin waɗannan ƙananan kalmomi daga bakin baƙo, sai dai in sun kwana ɗaki ɗaya sun haifi 'ya'ya.

Sai ta zo kan vindue, wato window. Ta ce asalinsa kalmomi biyu ne na tsohon harshen mutanen arewacin nan, iska da ido. Idon iska, ramin da ake bari a rufin ɗaki don hayaƙi ya fita. Na ajiye biro. A gidanmu na Zariya Hajiya ba ta cika cewa taga ba, cewa take yi a rufe wundo sauro zai shigo. Ashe kalmar nan daga wannan yanki ta tashi, ta kwana Ingila shekaru ɗaruruwa, Bature ya ɗauko ta ya sauke mana. Na ci gaba da lalube a raina, sai ga kek, wanda su suke ce wa kage, sai ga siket, su kuma skørt. Dukansu ta wannan hanyar suka bi suka shiga Turanci. Na faɗa wa malama, ta sa na rubuta su a allo da rubutun Hausa, ajin ya yi ta maimaita "wundo". Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Rabin darasi na biyu ta ba mu kalmomin da take kira abokan ƙarya, masu fuskar Turanci da zuciya daban. Barn ba rumbu ba ne, yaro ne. Sky gajimare ne, sama kuwa himmel. Time awa ɗaya ce, lokaci shi ne tid. Kind kunci ne na fuska, ba kirki ba. Chef shugabanka ne a wurin aiki, ko bai taɓa riƙe ludayi ba. Mad abinci ne, ba hauka ba, kuma ɗan'uwan meat ne tun zamanin da kalmar take nufin kowane irin abinci. Akwai biyu da ke rubuce a fili ko'ina, ɗaya a gefen titi tana nufin gudun mota, ɗaya a ƙarshen fim tana nufin an gama, waɗanda kunya ba za ta bar ni in kawo ma'anarsu ta Turanci ba. Wadda ta fi tsaya mini ita ce gift. Ranar da muka fara cike takardun zama na gan ta a gaban sunana, na ɗauka kyauta ake nufi. Ma'anarta mai aure, kuma ita ce dai guba. Malama ta ce duka biyun daga bayarwa suka fito: abin da aka ba mutum ya sha, da yarinyar da aka bayar. Na biyun bai zame mini baƙo ba, mu ma ai cewa muke yi an ba da ita, an ba shi mata.

Duk wannan na rubuta shi a littafina mai layi biyu, Turanci a hagu, Danishanci a dama, kamar yadda nake yi wata tara ke nan. "Halv tre" ba ya cikin jerin.

Daga aji na biya kanti. A nan kam tun zuwana na san ba a wasa, domin kuskuren kalma a gaban firjin nama ba irin na aji ba ne. Svin yana kama da swine, wannan da sauƙi. Amma gris ba ya kama da komai, kuma alade ne. Skinke cinyarsa ce. Flæsk shi ne mai hatsarin, don kunne yana jin flesh, mutum ya ce ai nama ne kawai, alhali naman alade ne tsantsa. Akwai niƙaƙƙen nama da ake rubuta wa "gris og kalv", alade haɗe da ɗan maraƙi, in ido ya faɗa kan kalv kaɗai an shiga uku. Nama dai a Bazar Vest muke saye wurin masu yankan halal, amma biskit da alewar yara sai na karanta bayan leda layi-layi. Da na zo biya yaron ya ce "syvoghalvtreds". Na tsaya ina kallon bakinsa har ya nuna mini 57 a jikin na'ura.

Sai a bas, muna dawowa daga asibiti, gari ya riga ya yi duhu tun kafin huɗu da rabi, abin ya warware mini. Mutanen nan awar da ke tafe suke kallo, ba wadda ta wuce ba. "Halv tre" rabin hanya ne zuwa uku. To ai mu ma muna da wannan! Uku saura kwata, uku saura minti goma. Da na ce wa kaina "uku saura rabi" da ban yi kuskure ba. Tsofaffinmu ma in za su ce goma sha tara sukan ce ashirin ba ɗaya. Haka hamsin ɗinsu take: halvtreds guntun wata doguwar kalma ce mai nufin ashirin sau uku saura rabi, wato ashirin biyu da rabin ta ukun. Sittin tres, ashirin uku. Saba'in halvfjerds, tamanin firs, casa'in halvfems. Sannan suna fara faɗin ƙaramin adadi, bakwai da hamsin. Wata tara ina haddace su kamar karatun aku, yau a kujerar bas na gane su, kuma da Hausa na gane su.

A bakin ƙofa muka haɗu da maƙwabciyarmu, tsohuwar da ke hawa na ƙasa, wadda ta kira mu shan shayi ranar Lahadi. Tana ganina ta ce "tak for sidst". In an bi ta Turanci sai a ce godiya ce don karon baya, kuma ba a jin daɗinta a baki, shi ya sa kullum nake rasa amsa. Yau sai na ji ta kamar wadda ta ce mini yaya gajiyar rannan. Gaisuwar ban gajiya ce, ta mutanen da suka zauna tare kuma ba su manta ba. Na ce "selv tak", bakina bai yi nauyi ba. Harshen nan ba shi da kalma guda da ta tsaya a gurbin please, amma godiya kam ga ta nan iri-iri: tak for mad bayan an ci abinci, tak for i dag in an tashi daga aiki ko aji. Ga wadda ta tashi cikin sannu da aiki da sannu da zuwa da sannu da hutawa, wannan gida ne.

Ta lura fuskata ba daidai ba, na ba ta labari, ta ja mu ciki ta ba yarinya madara mai ɗumi. Cikin hira ta ce tana da wata 'yar'uwa da ta yi aikin jinya a Najeriya shekaru da yawa, a Numan. Na san mishan ɗin mutanen Danmak sun daɗe a can bakin Binuwai, tun zuwan likita Niels Brønnum a 1913, kuma daga aikinsu cocin Lutheran na Adamawa ya samo asali, amma ban taɓa zaton zan ji sunan Numan a falon tsohuwar nan ba. Ta ce matar takan ce musu "sannu" in ta zo hutu. Da Turanci ta fara, ta ce "my aunt", sai ta yamutsa fuska ta gyara: "min faster". Na tambaye ta mece ce faster. Ta ce 'yar'uwar uba. Na ce gwaggo! Ta ce moster fa, 'yar'uwar uwa? Na ce inna. Morbror kawu, farbror baffa. Huɗu cif, kowanne da mazauninsa, inda Turanci ya tattara su ya zuba cikin aunt da uncle. Su ma suna da onkel da tante, ta ce, amma ita a wurinta waɗannan na waɗanda aure ya kawo ne. Littafina mai layi biyu ya rubuta moster da faster duka a matsayin aunt, na yi ta rikita su, alhali tun ina goye na san bambancin gwaggo da inna.

A kakanni ne suka fi mu rarrabewa. Mu kaka kaka ce, su kuwa mormor, morfar, farmor, farfar: uwar uwa, uban uwa, uwar uba, uban uba. Bayan sallar isha'i muka kira Hajiya, yarinya ta karɓe wayar ta ce, "Hajiya, ke mormor ce." Hajiya ta ce, "Ni ce me? Ke kishiya, zagina kike yi da yaren Turawa?" Na yi mata bayani, ta ce to ai gaskiya ne, ita ta haifi uwar, a gaya wa mutanen sun iya magana. Da ta ji zancen haƙori ta ce in riƙa ba ta ruwan ɗumi da gishiri tana kurkurewa, in sa mata kanumfari a wurin. Ba ta ce mini komai game da kuskuren ba, ta dai ce Allah ya sawwaƙe.

Bayan yarinya ta kwanta na ɗauko littafin da rula na ja layi na uku, na Hausa, a kowane shafi. Ina cikin cikewa wani abu ya sake fitowa. Malama ta sha wahala tana nuna mana cewa "the" ɗinsu a wutsiyar kalma yake: hus ya zama huset, bil ya zama bilen. Gida da gidan, mota da motar. Har ɗan maƙalewar murya da suke kira stød, wanda ke raba mor, uwa, da mord, kisan kai, ya fi kusa da abin da maƙogwarona yake yi a sa'a da ma'ana fiye da duk wani sauti na Turanci. Ba daidai suke ba, amma daga nan zan fara gwadawa gobe.

Na kai shafi na goma sha ɗaya, idona ya fara yaji. Sabon lokacin da aka ba mu Alhamis ne, 12 ga Disamba, "halv ti". Na goge tsohon rubutun kalanda, na sa goma saura rabi, na ƙara 9:30 a ƙarƙashinsa da jan biro. Bari in leƙa ta, na ji kamar tana juyi.