Abin da manoman waken faba suka koya mini game da riba

Waken faba, wanda Larabawa ke kira ful, ba a gane ribarsa ranar da aka auna buhu. Wannan ne babban darasin da na ɗauka a aikina na malamin gona tare da masu noma shi. Wanda ya daɗe a harkar ba ya lissafin faba shi kaɗai, sai ya haɗa da alkamar da za ta biyo baya a gonar.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Ka tuge tsiro ɗaya lokacin fure, ka karkaɗe saiwar, za ka ga 'yan ƙullutai manne da ita. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake kira Rhizobium suna kan aiki, suna kamo naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska. Faba na cikin dangin wake da suka fi ƙwazo a wannan fanni, shi ya sa mai shi ba ya zuba kuɗi a yuriya, kuma karan da saiwar da ya bari suna rage wa alkamar baɗi buƙatar taki. Ga shi yana yanke wa cututtukan hatsi hanya, ya ba da damar kashe ciyawar da ta gagara a cikin alkama. Na sha ganin manomi ya fita da ƙyar a shekarar faba, amma hankalinsa kwance, don ya san sauran kuɗinsa na nan a gona.

Sai kasuwa, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Sin da Habasha ne kan gaba wajen noma shi, amma babbar mai saye daga waje ita ce Masar, inda ful yake abincin yau da kullum. Ostareliya da Birtaniya na cikin masu kai mata. Mai saye don abincin mutane ba ya wasa. Zai ɗebi tafi guda, ya duba girman ƙwaya, ya duba haskenta, ya nemi huda. Ƙwaron da ke yin hudar tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwasfa, tsutsar ta shige ta girma a cikin ƙwayar. Huda ta yi yawa, kayan sun koma abincin dabbobi, farashi ya faɗi. Ajiya ma haka: zafi da haske suna sa fatar ta yi duhu, ko da cikin lafiya lau yake. Don haka nake ce wa duk mai son farawa ya fara sanin wanda zai saye da irin da yake so, kafin ya sayi iri.

Faba shukar sanyi ce. In zafi ko ƙarancin ruwa ya riske shi yana fure, furen zubewa yake yi, shi ya sa makara wajen shuka take cin riba tun daga tushe. Ƙudan zuma kuwa suna taimaka masa ƙwarai wajen ɗaukar 'ya'ya, kuma abin yana damuna in na ga ana feshin maganin ƙwarin darɓa da rana tsaka, alhali ƙudan na tsakiyar kiwo. Jira zuwa yamma ba ya cin ko sisi.

Kwaɗayi shi ne ya fi ɓata gona. Wanda ya samu bana sai ya so maimaitawa a wuri ɗaya, cutar ɗigo mai ruwan ƙasa a ganye ta samu gindin zama, musamman in damshi ya daɗe. Ƙwararru ba sa dawo da shi gona ɗaya sai bayan shekara 4 ko 5. A ƙasashen Bahar Rum akwai wanda ya fi wannan muni: Orobanche, tsiro mai tsotsar saiwa kamar ƙuduji, wanda irinsa ke iya wuce shekara 10 a ƙasa yana jira. Cibiyar ICARDA mai binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, da aka kafa a 1977, ta daɗe tana fitar da iri masu jure masa, amma iri kaɗai ba ya wanke gonar da ta riga ta kamu. Tsabtataccen iri da wanke injin girbi kafin a shiga wata gona su ne ke hana shi yaɗuwa.