Baƙaƙen duwatsun Riruwai

Daga Kano muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, sannan muka karkata zuwa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen nan suke narka kuza, kuma har yau haƙa ce abincin gidaje da yawa.

A bakin rafi na iske wani dattijo yana wanke ƙasa a ƙwarya. Yana juyawa, ruwa na kwashe yashi, baƙin gari mai nauyi yana kwantawa a gindi. A idona duk abu ɗaya ne, alhali ma'adinai ne iri-iri a gauraye.

"Baba, yaya kuke rarrabewa?"

"Zauna, ɗana, ka gani."

Ya fara wucewa da maganaɗisu, ƙarfen da ba shi da kuɗi ya manne, ya yar. Sai ya ɗauki ƙwaya guda ya goga a gindin fasasshen tangaram, inda babu sheƙi. Kuza, duk baƙinta, layi mai haske take bari, fari-fari ko ruwan ƙasa. Kolombait kuwa, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, layinta ja ne mai duhu, har ya kusa baƙi. Ya miƙo mini wani sillen, ya ce in karce da wuƙa. Ya karcu, ya kuma tsage sumul ta gefe ɗaya. Wannan wulfuram ne, wani ma'adinin daban. Kuza ba ta yarda da wuƙa haka.

Na daɗe ina jujjuya su a tafin hannu, ina mamakin ilimin da wannan bawan Allah ya tara ba tare da ya shiga aji ba.

Sai dai akwai inda hannu yake tsayawa. Kolombait da tantalait 'yan gida ɗaya ne, kamanninsu ɗaya, layinsu kusan ɗaya. Tantalait ta fi nauyi, ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma yawanci a gauraye suke cikin ƙwaya guda, sai na'urar gwaji ce za ta faɗi kason kowacce. Haka fairokulo, wani ma'adinin da ke cikin duwatsun yankin: ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, da wuya ido ya kama su.

Abin da ya ci mini rai shi ne, na'urar tana hannun mai saye, a Jos. Abin da ya faɗa, shi mai haƙa zai karɓa. Dattijon ya ɗaure garinsa a leda, ya ce ranar kasuwa dillali zai zo.