Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin lafiyar Baffa

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah jiya Laraba aka sallamo Baffanmu bayan kwana 12 a gadon asibiti sakamakon shanyewar ɓarin jiki, yanzu haka yana gida a Kumo yana shan kunu da hannun hagu. Saƙonninku sun yi yawa wallahi ban iya amsa kowa ba, ku yi haƙuri.

Wanda zan fara da ita ita ce maƙwabciyarmu nas, Anti, Allah Ya biya ki. Ranar da abun ya faru Baffa ya dawo sallar asuba kenan sai buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, hannun dama kamar ba nasa ba. Gida ya rikice, wasu na cewa iska ce, Goggo har ta ɗauko asfirin za ta ba shi, sai ga Anti ta shigo ko ɗankwali bata ɗaura daidai ba tace kar a ba shi komai ko ruwa, zai iya shaƙewa, kuma in jijiya ce ta fashe a kwakwalwa asfirin ƙara zubar jinin zai yi. A sa shi a mota a tafi Gombe yanzu-yanzu.

A can aka fara yi masa hoton kwakwalwa da ake ce wa CT, ya fito ba jini, mu har mun fara murna muna cewa ashe ba komai. Likita ya zaunar da ni yace ɗan'uwa shanyewar ɓarin jiki kala biyu ce, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, toshewar tafi yawa, kuma a awannin farko CT yakan kasa nuna ta, shi yasa za a yi MRI. Ita wannan na'urar da maganaɗisu take aiki, don haka sai da aka cire masa agogo da zoben azurfarsa, aka tambaye mu ko yana da ƙarfe a jiki ko batirin zuciya, har carbinsa aka karɓa. Kusan rabin awa yana kwance cikin wannan ramin, ƙara kamar injin niƙa, an toshe masa kunne, daga baya yake faɗa mana da yatsu ya riƙa tasbihi. Da hoton ya fito likita ya nuna mun wani ɗan farin tabo a ɓangaren hagu na kwakwalwa, yace nan ne jinin ya tsaya, shi yasa dama ce ta mutu tunda hagu ke juya dama. Hawan jini ne sila, Baffa ya ajiye maganinsa tun bayan sallah don yana jin garau.

Likitoci da nas-nas da mai gashin ƙashi da ya koya masa riƙe cokali, na gode. Kawu da ya sayar da raguna biyu aka biya kuɗin hoto ba tare da ya faɗa wa kowa ba, abokan Baffa na kasuwa da suka yi karo-karo, direban da yaƙi karɓar ko kuɗin mai, liman da jama'ar masallaci da suka dage da addu'a, Allah Ya saka muku da Aljanna.

Masu zuwa dubiya don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yana motsa jiki. Kuma a rage gishiri a abincin da ake kawowa, likita ya hana.