A-kori-kura mai batir: abin da muke dubawa kafin mu ce a saya

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, maganar motar lantarki ba ta yankewa a garejinmu da ke Birnin Kebbi. Masu kawo ta kuma ba 'yan gayu ba ne. Dillalan shinkafa ne masu kwaso shanshera daga fadamun Argungu da Suru, da masu albasar Aliero, da 'yan kwangila masu kai siminti ƙauye. Buƙatarsu ɗaya ce, a-kori-kurar da ba ta shan mai. Sana'armu wayarin mota ce da batura da haɗa sola, saboda haka amsar da muke ba su daga lissafin nauyi da na wuta take fitowa.

Injin lantarkin kansa ba ya cika ba da wahala. Ba fulogi, ba injekta, ba kuloci, ba juyen baƙin mai. Wahalar tana wajen batir, domin batir kaya ne da motar ke dakonsa dare da rana, ko akwai lodi ko babu. Ƙaramar mota tana iya jure wannan. A-kori-kura kuwa don kaya aka yi ta, duk kilon da batir ya ci daga cikin rabon buhu ya ci shi.

A ɗauki GMC Hummer EV. Nauyinta ya haura kilo 4,000, batirinta kaɗai ya kai kimanin kilo 1,300, wato buhu 26 na gyararriyar shinkafa mai kilo 50. Kayan da aka amince ta ɗauka bai wuce kilo 600 ba, kuma da direba da yaron mota a cikin lissafin. In an cire su biyun, abin da ya rage buhu tara ne. Ford F-150 Lightning ta fi ta hankali: mai ƙaramin batir, wanda ke cin yunit 98, tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, mai babban batir na yunit 131 kuma ba ta kai kilo 900 ba. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda mutum ke saye a mitar gidansa. Ita ma Toyota da ta bayyana Hilux mai batir a ƙarshen 2025, batir mai yunit 59 ta sa mata, tafiyarta kimanin kilomita 240, kayanta kilo ɗari bakwai da 'yan kai, alhali Hilux mai dizal tana ɗaukar kusan tan ɗaya a takarda. A takarda na ce, don kowa ya san yadda ake labta wa Hilux kaya a kasuwar Jega. Tsohuwar mota in aka yi mata haka sifirin ne ke karyewa, maƙeri ya ƙara mata ganye biyu ta koma aiki. Mai batir in ta zauna da lodi, abin da ke kusantar ƙasa shi ne akwatin batir, wanda ya fi komai tsada a jikinta.

Nauyin nan yana bin komai. Taya tana saurin cinyewa, bushin da boljoyin da shoka suna mutuwa kafin lokacinsu, musamman a hanyar burji mai gargada. Kowace taya tana da lambar nauyi a gefenta, 116 misali na nufin kilo 1,250, kuma duk wanda ya sa mai ƙaramar lamba don araha yana neman fashewa da tsakar rana a watan Afrilu. Injin ɗaga mota na yawancin garejinmu tan huɗu ne iyakarsa, Hummer ta fi ƙarfinsa. Mai faci kuwa ya saba cusa jek duk inda ya ga ƙarfe mai faɗi, a waɗannan motocin kuma ƙarfe mai faɗin nan shi ne cikin batir. Lotsawa kaɗan ta isa ta matse bututun ruwan sanyaya ko ta taɓa ƙwayoyin batir. Akwai wurare huɗu da aka ware don jek, dole direba ya san su ya tsaya a kan mai faci.

Sai nisan tafiya. An rubuta wa Lightning mai babban batir kimanin kilomita 515, amma wannan da bodi babu kaya ne, a kan kwalta mai kyau. Masu gwaji a Amurka da suka ɗaura mata tirela mai nauyi sun ga nisan ya koma rabi ko ƙasa da haka. Mu nan ba mu cika jan tirela ba, amma muna jera buhunan albasa har su zarce kan mota, iska kuma ba ruwanta da tirela ko buhu, duk tare ta suke yi. Ga esi a kunne, ga shi ba a son a riƙa shanye batir har ƙasa. Don haka lissafinmu shi ne a raba lambar takarda biyu. Daga nan zuwa Sakkwato ta Argungu kimanin kilomita 150 ne. Za ta je da kaya, amma dawowa sai da caji.

Cajin ne ya fi sanyaya wa mutane gwiwa in aka baje musu shi a takarda. Batir mai yunit 131 yana buƙatar kusan yunit 145 daga bango, don kimanin kashi goma cikin ɗari yana tafiya a zafi. Caja ta gida mai amfiya 32 a kan wutarmu ta bolt 230 tana ba da yunit bakwai da ɗan ɗori a awa, wato kusan awa 20 ba ɗaukewa. Awa 20 a rana kuwa layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wa wuta, kaɗai aka yi wa alkawarinta. Soket na ɗaki ya fi awa 60, kuma in aka bar shi yana jan wuta haka dare da rana, narkewa yake yi. Wayar da ta dace da amfiya 32 ita ce mai milimita 6, in da nisa daga mita a sa mai 10, da makatsin wuta na amfiya 40 nata ita kaɗai, da na'urar da ke yanke wuta in ta zurara. Sai atin, wato sandar tagulla da ake kafawa a ƙasa. Caja tana duba atin kafin ta saki wuta, in babu sai ta kunna jar fitila ta ƙi. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, sanda ɗaya ba ta cika isa ba, akan kafa biyu ko uku a haɗe su, a wurin da ke samun laima.

Wasu sukan ce, "To Malam, ai ina da janareta." Janareta mai dizal yana ba da kimanin yunit uku a kowace lita, yunit 145 ke nan lita 48. Hilux mai dizal da ke shan lita tara a kilomita 100 za ta yi wannan tafiyar ta kilomita 515 da lita 46. An gudu ba a tsira ba. Sola ce ke da ma'ana, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Faifai mai wat 550 yana ba da kimanin yunit biyu da rabi a yini in yana da tsabta. Babbar a-kori-kura tana cin kusan yunit 30 a kilomita 100, faifai 12 ke nan. Sai dai lokacin da rana ke bayarwa motar tana kan hanya, don haka sai an tanadi baturan ajiya, shida masu yunit biyar-biyar, da inbata da ba ta gaza kilowat takwas ba. A sa wannan kuɗin cikin kuɗin mota tun farko.

Kan caja ma ba iri ɗaya ba ne. Na Amurka CCS1 ne ko irin na Tesla, na Turai CCS2, na Sin GB/T. Soket ɗin da ke bodin motocin Amurka, wanda ake tallata cewa zai kunna injin ban ruwa, bolt 120 da 240 yake bayarwa a kan zagaye 60 a daƙiƙa, kayanmu kuma na zagaye 50 ne. Famfon ruwa zai yi gudun da ya zarce nasa da kashi ashirin cikin ɗari, ya riƙa zafi.

Zafi da ƙura su ne namu na gida. Batir ya fi son tsakanin digiri 20 da 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40 a inuwa. Esin motar ne ke sanyaya ruwan da ke zagaya batir, saboda haka lalacewar esi a nan ba maganar jin daɗin direba ba ce kawai. In ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suka toshe lagireton gaba, mota za ta rage ƙarfi da kanta, caji ya riƙa jan ƙafa. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi, ba da injin wankin mota mai feshi ba, don yana lanƙwasa siraran ganyen. Kada a ƙara ruwan rijiya ko na leda a tankin sanyaya. Mai gyaran esi kuma kada ya zuba wa kwamfireson man da ya saba zuba wa sauran motoci, domin injin lantarki mai babbar wuta yana cikinsa a jiƙe da man, in man yana ɗaukar wuta kwamfuta za ta ga zurara ta hana mota tashi. Batir iri-iri ne gwargwadon sinadaran da ke cikinsa: irin da ake kira LFP ya fi jure zafi a kan irin NMC. Mai NMC kada ya cika shi fal ya ajiye a rana, kashi 80 ya wadatar don aikin yau da kullum.

Akwai kuma ƙaramin batir na bolt 12, wanda mutane ke mantawa da shi. Shi ke tada kwamfuta ya haɗa babban batir da mota. In ya mutu, ko babban yana cike mota ba ta motsi, wasu ma ƙofa ba ta buɗuwa. A kwance ya kamata ya nuna 12.6, in an kunna mota tsakanin 13.5 da 14.5. Zafinmu yana kashe shi da wuri.

Game da ingancin haɗi, kamfanonin da kansu sun yi ta kiran motocinsu a dawo da su gyara. A Oktoban 2022 Rivian, mai ƙera motocin lantarki a Amurka, ta kira sama da 12,000, kusan duk abin da ta ƙera zuwa lokacin, saboda noti ɗaya a ƙafar gaba da ba a ɗaure shi da kyau ba. A shekarar ne aka kira wasu ɗaruruwan Hummer don ruwa na iya shiga akwatin batir. A Fabrairun 2023 Ford ta tsayar da ƙera Lightning na sama da wata guda bayan batirin wata sabuwa ya kama wuta a filin ajiyar kamfanin. Tesla Cybertruck kuwa, a Afrilun 2024 an kira 3,878 saboda murfin totur: an shafa sabulu wajen haɗi don ya shige da sauƙi, sai ya zamana yana iya zamewa sama ya maƙale, totur na danne. Maganin da aka yi masa shi ne a huda a buga ƙusa guda. A Yunin shekarar sai injin waifa, a Maris na 2025 kuma sama da 46,000 saboda dogon ƙarfen saman gilashi da aka liƙa da gam yana ɓallewa a kan hanya. A can Amurka, wasiƙa za a aiko maka ka kai mota a gyara kyauta. Wadda ta shigo ta Kwatano ko Legas ba wanda zai aiko wa mai ita komai. Ita ma Ford ta sanar a Disambar 2025 cewa ta daina ƙera Lightning mai batir zalla, abin da ya kamata mai tunanin kayan gyara ya sani.

Jikin ma ya fi ƙarfin mai gyaran bodi na bakin titi. Na Lightning alminiyam ne, ba ya karɓar waldar kabaid. Na Cybertruck ƙarfe ne marar fenti, ba a cike lotsawa a fesa, ƙashinta na gaba da na baya kuma zubin alminiyam ne, in ya tsage ba a miƙe shi da wuta da guduma yadda ake yi wa shasin Hilux.

In aka kawo irin wannan mota a duba kafin biya, da lambar shasi ake farawa, mai harafi da lamba 17. In ta Amurka ce, a sa lambar a shafin NHTSA, hukumar da ke kula da amincin motoci a can, a ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba, a kuma bincika ko daga gwanjon motocin haɗari ko ambaliya ta fito. Bayan guguwar Ian a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shanye a jihar Fulorida ta Amurka sun yi ta kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki. Daga nan a ɗaga kafet a shaƙa, a haska tocila ƙarƙashin kujera: layin busasshiyar laka a jikin ƙarfe, tsatsa a dogon da kujera ke zamewa a kai, kore-kore a bakin fulogin waya, duk shaidar ruwa ne. A shiga ƙarƙashi a bi cikin batir da tafin hannu, a nemi lotsawa, a duba ko notocin murfin suna da sawun sifana. Sai a jona na'urar karanta kwamfuta a ga lafiyar batir da bambancin ƙwayoyinsa. Milibolt 20 ko 30 a kwance ba komai, in ya haura 100 akwai ƙwayar da ke ciwo.

Gwajin ƙarshe na zurarar wuta ne, kuma ba na yaron shago ba ne. Duk waya mai launin lemo babbar wuta ce, bolt 400 ko 800. A kashe mota a nisanta makulli, a cire ƙaramin batir, a sa safar roba mai jure bolt 1,000, a zare makatsin babban batir, a jira minti goma, a auna a tabbatar wutar ta sauka ƙasa da bolt 60 kafin hannu ya taɓa komai. Sannan a auna zurarar: mota mai lafiya tana nuna miliyoyin om, wato ma'aunin yadda ake tare wuta kada ta wuce, tsakanin babbar waya da jikin mota. In ta sauka kusa da om 500 a kan kowane bolt, wato 200,000 a mota mai bolt 400, laima ta shiga wani wuri, kuma motar da za ta riƙa ƙetare kwazazzabai zuwa fadama da damina ba a sayen ta a haka ko nawa aka rage.