Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba

A kantin maganin da nake aiki a Agege, maganin maleriya da kafso aka fi nema. Mutum zai shigo jiki zafi rau, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo, ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun daga gida: "Malam, ba ni na maleriya da kafso huɗu." Aikin nan ya koya mini cewa cututtuka da yawa da fuska ɗaya suke sallama. Mura mai tsanani, ƙyanda, zazzaɓin Lassa, duk da zafin jiki da kasala suke farawa, kuma bairos ke kawo su. Kafso kuwa bakteriya yake kashewa, ko kwali guda ka shanye bai taɓa bairos.

Lassa ce ta fi tsaya mini a rai. Sunan daga garin Lassa na jihar Borno yake, inda aka fara gano ta a 1969. Ɓera ke ɗauke da ita, ya bar fitsari da kashi a kan abinci. In ka ga yadda 'yan'uwanmu a kasuwar Mile 12 ke kwana tsakanin buhuna, sai gabanka ya faɗi. Tana iya yin kwana 21 a jiki kafin ta nuna. Kusan kashi 80 cikin 100 sama-sama take yi musu, sauran kuwa ciwon maƙogwaro, amai, gudawa, kumburin fuska, har zubar jini, wasu su warke amma su kurmance. Maganin da ake ba su, Ribavirin, a asibiti yake, kuma da wuri ya fi amfani.

Shi ya sa nake tambaya kafin in miƙa hannu kan kanta. Yau kwana nawa? An gwada jini? Ka je Ondo, Edo ko Bauchi, inda Lassa ta fi yawa, kwanan nan? Wanda ya shanye maganin maleriya zazzaɓi bai sauka ba, asibiti nake tura shi. Wani ya ce, "Kai dai ba ka son ciniki." Sai in ce, "Alhaji, lafiyarka ta fi mini kuɗin."

Ina yawan tuna Dakta Stella Adadevoh. Mutumin da ya shigo da Ebola Legas daga Laberiya a Yulin 2014, maleriya aka fara zato. Ita ta hana a sallame shi duk da matsin da ta sha, cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka mutu. Da ya fita ya shiga gari, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Masu jinya a gida su na fi jin tsoro wa. Nakan ce wa matan unguwa: Hajiya, kada ki kwashe amai ko jinin mara lafiya da hannu tsirara, ki wanke hannu da sabulu, garin kwaki da shinkafa a zuba su a mazubi mai murfi, ragowar tuwo kada ya kwana a buɗe.