Abin da injin bincike ba ya gaya wa lauya

Aikin da na yi a digirina na biyu a fannin kwamfuta kashi biyu ne, kuma duk a kan shari'a suke, alhali ni ko ajin lauya ban taɓa leƙawa ba. Na farko manhajar lalubo hukunce-hukuncen kotu ce a kan rigimar filaye. Na biyu kuwa manhaja ce da ke tambayar mutum su wa mamaci ya bari, ta fitar masa da rabon kowa. Wani ofishin lauyoyi a Kaduna ne ya ba ni tebur da tarin takardu, wani tsohon alƙali da ya yi ritaya kuma ya yarda ya riƙa duba mini lissafin gadon bayan la'asar.

Neman doka da kwamfuta tsohon zance ne. Tun a 1960 John Horty na Jami'ar Pittsburgh ya nuna wa taron lauyoyin Amurka yadda na'ura ke zaƙulo dokokin kiwon lafiya na jihar Pennsylvania da kalmomi kaɗan. Injin binciken shari'a na Lexis ya fito kasuwa a 1973, takwaransa Westlaw ya biyo baya a 1975. Mu a nan, abin da ya buɗe wa ƙananan lauyoyi ƙofa takarda ce, wato mujallar hukunce-hukunce ta mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, wadda kowa ke kira NWLR. Daga baya irin su LawPavilion suka kawo abin cikin waya.

Haɗa injin bai ba ni wuya ba. Akwai wata tsohuwar dabara mai suna BM25, da Stephen Robertson da abokan aikinsa suka gyara a Landan cikin shekarun 1990: kalmar da ba ta cika fitowa a takardu ba ana ba ta nauyi, wadda ke ko'ina a rage mata daraja, sannan a yi la'akari da tsawon takardar don kada dogon hukunci ya danne gajere. Wahalar tana wajen takardun. Da yawansu hoton shafi ne da aka ɗauka a karkace, da hatimi a kan rubutu, sai na'urar karanta hoto ta mai da lambar sashe wata aba daban. Sunan mutum ɗaya kuma sai ka gan shi Muhammad a sama, Mohammed a tsakiya, Moh'd a ƙasa. Rabin lokacina a shara da wanke-wanken rubutu ya tafi.

Da na kunna wa babban lauyan ofishin, ya buga tambayarsa, hukunce-hukunce suka jeru, ya duba na sama-sama ya ce, "Injiniya, ai an gama. Duk waɗannan na san su, kuma su ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda ta kawo ka gani. Waɗanda ta bari fa?" Ya ce ai da akwai da ta kawo.

Wannan amsa tasa tana da tarihi. A 1985 David Blair da M. E. Maron sun buga sakamakon wani gwaji da har yau ake karantar da shi. Wasu lauyoyi a Amurka suna shirin wata babbar shari'a da takardu kusan 40,000, shafi wajen 350,000, duk a cikin manhajar STAIRS ta kamfanin IBM. Sharaɗinsu shi ne ba za su daina nema ba sai sun gamsu cewa kashi 75 cikin ɗari na takardun da suka shafi kowace tambaya sun zo hannu. Suka nema har suka gamsu. Da masu binciken suka bi diddigi, sai aka tarar kashi 20 kacal suka samu. Dalilin kuwa ɗabi'ar ɗan Adam ce: mai zargi yana kiran hatsari da sunansa, wanda ke tsoron laifi ya faɗo kansa kuwa sai ya rubuta "matsalar nan" ko "abin takaicin da ya faru". Lauyoyin ba sakarkaru ba ne. Masunci yana ganin kifin da ke cikin komarsa, wanda ya sulale ya koma ruwa ba ya zuwa ya ba shi labari.

Don haka awon da ya fi muhimmanci a wannan fage shi ne awon abin da aka rasa, kuma shi ne mafi tsada. Hanyarsa ɗaya ce: ka ɗebo samfuri daga cikin takardun da injin bai kawo ba, ka ajiye a gaban lauya ya karanta ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ta shafi tambayar, wannan ba ta shafa ba. Ƙananan lauyoyi biyu ne suka taimaka mini, kuma a nan na ga abin da ban taɓa tsammani ba: hukunci ɗaya, tambaya ɗaya, wannan ta ce ya shafa, wancan ya ce ko kusa. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, ɗaya tana tunanin mai ƙara ne, ɗayan yana tunanin wanda ake ƙara. Gasar da hukumar NIST ta Amurka ta shirya a kan binciken takardun shari'a daga 2006 zuwa 2011 ta yi fama da irin wannan saɓani na masu tantancewa. Daga ƙarshe sai muka riƙa rubuta kowace tambaya tare da bayanin wa muke karewa da abin da muke so mu tabbatar.

Na gwada sababbin dabarun da ke auna ma'anar jimla maimakon kalmominta. Sun kamo hukunce-hukuncen da BM25 ya tsallake, wannan gaskiya ne. Amma sun zo da nasu ciwon. Hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ko Kotun Ƙoli ba murya ɗaya ba ce. A ciki akwai bayanin lauyan wannan ɓangare, da na wancan, da abin da kotun ƙasa ta ce wanda ƙila yanzu za a rushe, da jagoran hukunci, da na alƙalan da suka amince, wani lokaci har da wanda ya saɓa. Injin sai ya ɗauko sakin layi mai kyau, tsaf-tsaf kamar doka, ashe hujjar lauyan da ya faɗi ƙarar ce. Duk wanda ya kwafe wannan ya kai gaban alƙali, ranar zai san ana rana. Sai da muka zauna muka yi wa sassan hukunci alama da hannu, muka koya wa injin ya bambance mai magana.

Sai kuma batun lokaci. In ka yi bincike a injin kan amincewar gwamna a ƙarƙashin sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 ce za ta hau sama, domin kowa na ambatonta: jinginar fili ba da amincewar gwamna ba, ba ta da inganci. Amma a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa dokar ba ta hana mutane ƙulla yarjejeniya kafin a nemi amincewar ba, abin da ta hana shi ne miƙa haƙƙin mallaka ba tare da ita ba. Injin da ke jera hukunci bisa yawan ambato zai ba ka na farko ya tura na biyu shafi na uku. Haka shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, mai hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, ta riƙa fitowa a kusan kowace tambaya har ta zama ba ta ƙara wa kowa komai. A ganina, injin shari'a da ba ya nuna wane hukunci ne ya zo daga baya ya taƙaita wane, bai kai a ba ɗan koyo ba.

Manhajar gado ta fi daɗin yi, domin malaman fara'id sun riga sun gama rabin aikin tun ƙarnoni. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i sun ba da kaso: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Littattafan fiƙihu sun jera wa ke katange wa. Ka rubuta su a matsayin "in kaza ya kasance, to kaza", na'ura ta bi. Malam, tsohon alƙalin nan, ya fara gwada ni da mas'alar Mimbariyya: mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. In aka kasa dukiyar gida 24, mata na da 3, 'ya'ya mata 16, uba 4, uwa 4, jimla 27. Kaso ya fi dukiya, sai a yi auli, a raba gida 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Manhajar ta fitar daidai. Ya kawo miji da uwa da uba, inda uwa ke ɗaukar sulusin abin da ya rage bayan rabon miji, nan ma ta wuce.

Ya yi murmushi ya ce, "To ɗana, miji, uwa, 'yan'uwa li'ummai biyu, wato na uwa ɗaya kawai, da shaƙiƙi." Miji rabi, uwa sudusi, li'ummai sulusi, dukiya ta ƙare, shaƙiƙi ya tashi a tutar babu. Wannan ita ce Himariyya. Malik da Shafi'i sun ce a shigar da shaƙiƙin cikin sulusin, Abu Hanifa da Ahmad sun ce ba shi da komai. Lissafi ba ya raba wannan gardama, sai mai rubuta manhaja ya zaɓi mazhaba, kuma wajibi ne ya rubuta zaɓinsa ɓaro-ɓaro a fuskar manhajar. Haka jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa: a kotunanmu baffa yana katange shi, a Masar kuwa dokar 1946 ta tanadar masa wasiyyar dole. Wanda ya sauke manhajar gado daga intanet bai duba ta wace ƙasa ce ba, yana iya haɗa 'yan gida ɗaya faɗa da amsar da ke daidai a wani wuri.

Masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan, Marek Sergot da Robert Kowalski da abokansu, sun ci karo da iyakar wannan hanya tun a 1986, lokacin da suka mai da dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya ta 1981 zuwa harshen kwamfuta na Prolog. Ranar haihuwa da matsayin iyaye sun shiga ƙa'ida lafiya lau. Da aka zo kan sharaɗin cewa mai nema ya kasance mai halin kirki, sai dai manhajar ta juyo ta tambayi mutum. Malam bai san da wannan bincike ba, amma abin da ya faɗa mini ke nan. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yanzu sai me ya rage?" Ya ce abin da ya cinye masa shekaru a kan kujera ba lissafi ba ne. Gidan nan na mamaci ne ko ya ba uwargida kyauta, in kyauta ce ta yi hauzi, wato ta karɓe shi a hannunta, kafin ya kwanta ciwon ajali? Matar da ke waje, iddarta ta cika kafin rasuwar? Akwai mai juna biyu, wanda a mazhabarmu sai a dakata har ta haihu? An biya bashi da sauran sadaki? Wasiyyar ta wuce sulusi? Ga kuma gidan da aka bari shekara talatin ba a raba ba, magada sun mutu sun bar nasu magadan. Sai na sake tsarin: manhajar ba ta fara lissafi sai ta yi waɗannan tambayoyi, kuma in aka ce ana jayayya a kan ɗaya, ta tsaya ta ce a je kotu.

Ina cikin rubuta rahotona labarin manhajojin hira ya cika ko'ina. A 2023, a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jirgin sama na Avianca a New York, lauyoyi suka miƙa wa kotu hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙira, da sunaye da lambobi kamar gaske, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Kamfanonin bayanan shari'a suka ce nasu daban ne, domin yana fara nemo takardar gaske kafin ya rubuta amsa. A 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada kayan Lexis da na Thomson Reuters, kamfanin da ke da Westlaw, suka samu amsar da ba daidai ba ko wadda hujjarta ba ta goyi bayanta ba a tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin. Ban yi mamaki ba. In matakin nema ya ɗauko hujjar lauyan da ya faɗi, ko ya tsallake hukuncin 1995, mai rubutun zai shirya maka shi da zaƙin baki, kuma yanzu ko jerin takardun ba ka gani balle ka yi shakka. Ni dai a tawa manhajar na hana ta faɗin komai sai da sakin layin da ta dogara da shi, da sunan kotu, da shekara, da wanda ya faɗa.

Japan da Kanada suna da gasar COLIEE, wadda aka fara a 2014, inda ake gwada injina da tambayoyin jarrabawar lauyoyin Japan da hukunce-hukuncen kotun tarayyar Kanada, ga amsoshin da masana suka riga suka tantance. Irin wannan ma'auni nake so mu gina, kuma daga gado da kyauta da wasiyya zan fara, tunda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa su a hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Kayan aikin suna cikin manyan littattafan da magatakardan kotu ke rubutawa da biro, da Hausa, wani da rubutun da shi kaɗai ke iya karantawa. Malam ya haɗa ni da wani tsohon magatakardansa, mun shirya zai riƙa karantowa ina bugawa, muna cire sunayen mutane da na unguwanni kafin komai ya shiga na'ura.